Kaji Biyu, Mutum Uku: Yadda Gwani Ke Feɗe Labari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mahauta ranar kasuwa a Danko ya san mai yanka daban, mai fiɗa daban. Yanka kowa ma zai iya, in dai ya san alƙibla kuma wuƙarsa na ci. Fiɗa kuwa sai ɗan gado. Zai tsaga fata daga wuya zuwa mara, ya ajiye wuƙar gefe, ya dunƙule hannu ya dinga cusa shi tsakanin fata da tsoka, har fatar ta sauka ɗungurungum babu huda ko ɗaya da za ta karya mata daraja wurin majemi. Sannan ya buɗe ciki, ya ware hanta, ya ware tumbi, ya lallaɓa ya cire maɗaciya don kada ta fashe ta ɓata naman.

Ba a banza masana adabinmu suka ari kalmar nan ba. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano ya kira hanyar nazarinsa gadon feɗe waƙa, kuma duk wanda ya karanci Hausa a kwaleji ya ci karo da ita. Ni dai tun kafin in ji sunan Ɗangambo na ga an feɗe labari a gabana, a wani aji mai rufin kwano, da azahar, lokacin bazara, a hannun malaminmu na Hausa. Har yau ban ga wanda ya kai shi tsabtar hannu a wannan aiki ba. Labarin da ya kwantar a ranar shi ne na Kalala da Kalalatu, daga cikin Magana Jari Ce.

Littafin ba baƙo ba ne ga kowa. Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara ta jihar Neja ta yau a 1911, malamin makaranta ne a Katsina lokacin da Ruwan Bagaja ya fito da sunansa a gasar rubutun da Rupert East ya shirya a 1933. Daga nan aka kira shi Zariya don ya rubuta littattafan karatu na makarantu, aka jibge masa labaran Larabawa da na Indiya da na Turai, ya narka su ya zuba a tukunyar Hausa. Magana Jari Ce ya fara fitowa a 1937, cikin littafi uku, kuma a 1939 Imam ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Mu a lokacin ba wannan ne ya dame mu ba. Labari ne mai ban dariya, mun karanta mun yi dariya, muna ganin an gama.

Ga yadda yake a taƙaice. Kalala ya yi baƙo, ya kawo kaji biyu ya ba matarsa ta gyara. Ita kuwa Kalalatu ba ta iya ganin nama ta kau da kai. Daga ɗanɗana gishiri aka wuce fiffike, daga fiffike aka wuce cinya, kafin a ankara kaji sun zama tarihi. Maigida na can yana wasa wuƙar da za a yanka nama, sai ta zagaya wurin baƙo ta raɗa masa cewa ya yi ta kansa, wuƙar nan da yake jin ƙararta shi ake wasa wa, za a raba shi da abin da Allah ya ba shi guda biyu a jikinsa. Baƙo ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ta juyo wurin miji tana salati, wai baƙonsa ya sure kajin ya gudu. Kalala ya bi shi a guje, wuƙa tsirara a hannu, yana roƙo a bar masa ko da guda ɗaya. Baƙo ya ji zancen guda ɗaya, ya waiga ya ga wuƙa, ya ƙara mai.

Malam ya bari muka gama ƙyaƙyatawa, sannan ya ce, "To, a cikin tseren nan wa ya yi ƙarya?"

Muka ce Kalalatu.

"Kalalatu tana gida. Na ce a cikin tseren."

Aka yi tsit. Kalala gaskiyarsa yake faɗa, kaza ɗaya yake so. Baƙo ma kunnensa bai yaudare shi ba, abin da aka faɗa shi ya ji. Magana ɗaya ce ta fito daga baki ɗaya, amma kafin ta isa kunnen da aka nufa ta riga ta zama wata. Malam ya ɗauki alli ya rubuta kalma ɗaya a allo: gatse.

Gatse kam mun san shi tun muna goye. Yaro ya fasa tulu, uwa ta dube shi ta ce, "Sannu da aiki, ka kyauta." Ba wanda zai koya maka cewa ba yabo ba ne, muryarta ta isa. Shi ya sha bamban da habaici, wanda ake jifa ba a kama suna, ya kuma sha bamban da baƙar magana, wadda ake mayar wa mai tambaya don a ƙona masa rai. Gatse kifar da magana yake yi, cikinta ya koma baya. Wahalar ita ce takarda ba ta da murya, ba ta harara, ba ta taɓe baki. Mai karatu shi zai nemo muryar da kansa, kuma a nan ake gane wanda ya iya.

Amma abin da Imam ya ƙulla a tseren nan ya wuce gatsen uwa da ɗanta, domin babu wanda ya yi shi da gangan cikin masu gudun biyu. Malam ya kira shi gatsen marubuci. Mai labari ya ɗauke ka ya ɗora a kan katanga, kana hango abin da mutanen cikin labarin ba sa gani. Kalala ya san rabin zance, baƙo ya san ɗaya rabin, kuma rabin kowannensu ƙarya aka ba shi. Mutum biyu ne kawai a duniya suka san zancen gaba ɗaya. Ya tambaye mu su wane ne. Muka ce Kalalatu. Ya ce saura ɗaya. Sai can wani daga bayan aji ya ce, "Mu."

"Madalla. Ashe dai da ɓarauniyar kuke. Tun ɗazu dariyarta kuke taya ta."

Wannan ya tsaya mini a rai. Ban taɓa lura ba cewa marubuci na iya sa ka zama abokin sirrin mai laifi ba tare da ya nemi izininka ba, ka kuma ji daɗin zaman. Ina jin ma yaran ƙasar Zuru irinmu sun fi wasu saurin kama irin wannan. Yaron da ya tashi da C'lela a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a aji, ya sha ganin yadda kalma ke sauya kama tsakanin baki da kunne, ya sha zama shi ne mai tafinta tsakanin kakarsa da ɗan kasuwa, yana jin abin da kowannensu bai ji ba.

Akwai kuma gatsen da ba a baki yake ba, a cikin yadda al'amari ke juyewa yake. Dubi Kalala. Duk abin da ya yi don karrama baƙo shi ya zama shaidar da ta tabbatar da ƙaryar da aka yi masa. Da marowaci ne, da bai wasa wuƙa ba. Da bai damu da kajin ba, da bai bi baƙon ba. Mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya fito da shi titi yana korar baƙo da wuƙa kamar mahaukaci. Don mu ga cewa ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan saƙa ba, Malam ya ba mu wani labari na marubucin Faransa Guy de Maupassant, wanda aka buga a 1884. Matar wani ƙaramin akawu ce, Mathilde Loisel, ta ari sarƙar lu'ulu'u wurin ƙawarta mai hali don ta je wata liyafa. Sarƙa ta ɓata. Maimakon su faɗi gaskiya, ita da mijinta suka ci bashi suka sayi irinta a kan faran 36,000, suka shekara 10 suna biya, har kyawun da ta je nunawa ya ƙare a wanke-wanke da hawan bene da ruwa. Ranar da ta haɗu da ƙawar ta faɗa mata, sai ƙawar ta ce ai waccan sarƙar jabu ce, ba ta wuce faran 500 ba. 'Yan matan ajinmu suka yi ta salati, don duk sun san aron sarƙa ranar biki. Wata ta ce zanen aro ba ya rufe katara. Malam ya ce haka ne, amma ta lura, ba aron ne ya kashe su ba, rufin asirin ne.

Daga nan ya koma kan wuƙa, kuma a nan ne na ga dunƙulen hannun mahaucin.

Alamci, in ji shi, ba kacici-kacici ba ne da marubuci ke ɓoye amsa a ƙarƙashin tabarma. Abu sai ya fara yin aikinsa na abu tukuna. Wuƙar Kalala wuƙa ce, ana bukatarta don yanka kaza, ko ba ta nufin komai tana da dalilin zama a labarin. Sai dai ka lura da yadda take dawowa. Ana jin ƙararta a kan dutse kafin baƙo ya gudu, ana ganin ƙyallinta a hannun mai bin sa. Ƙarfen bai sauya ba, ƙarar ma ɗaya ce, amma a kunnen maigida ƙarar walima ce, a kunnen baƙo ƙarar ajali. Me ya sauya ta? Kalmomi kaɗan da mace ta raɗa a zaure. Ashe akwai wuƙa ta biyu a gidan, wadda ba a wasa ta a dutse ba, kuma ita ce ta yi yanka. Kalala ya yi ta yawo da tasa bai yanki ko zare ba. Bahaushe ya riga ya ce baki shi ke yanka wuya, amma wani abu ne ka san karin magana, wani abu ne kuma ka gan ta tana tafiya da ƙafafunta a cikin labari ba tare da an ambace ta ba.

Don ya kusanto mana da abin, sai ya ɗauko golmo. Saurayin da ke noma a gonar surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata, dawa yake nomawa, babu shakka, kuma dawar za a ci. Amma wa zai ce dawa kaɗai ake aunawa? Kowace kunya da ya tayar tana faɗa wa iyayen yarinya wani abu game da ƙarfinsa da haƙurinsa wanda bakinsa ba zai iya faɗa ba, don wata kunyar ta hana shi. Garmar tana noma, tana kuma magana. Mun gane nan take, domin wasunmu yayyensu na cikin yi.

To, ɗalibi in ya ɗanɗana zaƙin alamci, sai ya fara ganin alama har a ƙusar allo. Wani abokina mai kaifin baki ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni a ganina kajin nan biyu duniya da lahira ne."

Malam bai yi dariya ba. Ya miƙa masa littafin. "Nuna mini a shafi."

Ya juya, ya juya, babu.

"To zauna. Ka huda fata."

Sannan ya nuna mana dalilin biyun, wanda ya fi na abokina sauƙi ya kuma fi shi daɗi. Da kaza ɗaya ce, Kalala ba zai roƙi guda ɗaya ba. Da uku ne, baƙo ba zai ji roƙon a jikinsa ba. Dole su zama biyu don su yi daidai da abin da baƙo ke tsoron rasawa. Lissafin magini ne, ba wa'azi ba. Tun daga ranar na riƙe wannan: duk fassarar da ba za ka iya dafa yatsa a kan layin da ya haife ta ba, taka ce, ba ta labarin ba. Na sha jin masu digiri suna tafka irin kuskuren abokina, sai dai su da manyan kalmomi suke yi, ba mai iya ce musu su zauna.

Jigo ne ya fi ba mu kunya. Mun saba da cewa in an tambayi jigo, sai ka lalubo karin magana mai kama da labarin ka manna, kamar yadda ake haddacewa don jarrabawar WAEC ko NECO. Kusan baki ɗaya muka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

"Wa ya yi kwaɗayin?"

Kalalatu.

"Wa ya sha wahalar?"

Kalala na haki a titi, baƙo ya bar gari da yunwa da fargaba, mai kwaɗayin kuwa, a wannan rana dai, tana zaune a inuwa tana sakace. Karin maganar tamu ba ta hau ba, kife ma take. Malam ya tuna mana jigon lambu, dogon icen nan da masu noman rani ke ɗebo ruwa da shi daga rijiya. In ka cire shi, guga da igiya da dutsen da ke bayansa duk sun zama tarkace. Haka jigon labari yake, shi ne abin da in ka zare, sauran ba za su motsa ba. Zare kwaɗayi ka sa mantuwa, a ce kajin ƙonewa suka yi ko kare ya ɗauke, labarin zai tafi yadda yake. Amma zare iya bakin Kalalatu ka gani, babu gudu, babu wuƙa, babu dariya. Kwaɗayi tubali ne kawai. Abin da ke ɗauke da ginin shi ne abin da magana ke iya yi a hannun wanda ya iya ta, kuma sunan littafin ma abin da yake faɗa ke nan. Sai dai jari ba ruwansa da halin mai shi. Da shi ake fataucin goro, da shi ake fasa-ƙwauri.

Nan ya ɗaga kanmu daga labarin zuwa babban labarin da ya goya shi. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuma na ƙulla yadda zai halaka yaron da zarar ya fita. Mai tsaron da ya tsare Musa ba mai takobi ba ne, aku ne, wanda ke jan sa da labari dare bayan dare har gari ya waye tafiya ta fasu. Tsarin tsoho ne. A Indiya akwai tatsuniyoyin aku saba'in, waɗanda Farisawa suka mayar Tutinama, inda akun ke hana matar ubangidansa fita wurin wani namiji da irin wannan dabara. Imam ya cire matar ya sa ɗan sarki, ya cire kwartanci ya sa yaƙi. Abin da Malam ya so mu gani shi ne zaɓin tsuntsun. A bakin Bahaushe aku shi ne mai maimaita abin da bai fahimta ba. Shi ne kuma Imam ya ɗauka ya mai da shi mafi hankalin fada, har ya gaji kujerar Waziri, har a littafi na uku ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar. Dabara ɗaya ce ta ceci ran Musa ta kuma wanke Kalalatu. Sai ya dube mu ta saman tabarau ya ce littafin da ya ɗaukaka aku bai cancanci a yi masa haddar aku ba.

Daga baya ne, da na ƙara karatu, na gano cewa uwar labarin Kalala tana cikin tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, suka tattara, waɗanda suka fara fitowa a 1812. A can sunan mai wayon Gretel, kuku ce a gidan wani mutum, tana gasa kaji biyu tana korawa da giya, kuma kunnuwan baƙo ta ce za a yanke. Wasu in sun ji haka sai gwiwarsu ta yi sanyi, wai ashe aro ne. Ni kuwa a nan na fi ganin gwanintar Imam, kuma mai fiɗa na gaskiya wurin da aka sauya yake kai hannu. 'Yar aiki da ta cuci ubangidanta labari ne na bawa da ubangiji, ana dariya a wuce. Da aka mai da ita matar aure, sai komai ya ƙara nauyi, domin yanzu a cikin gida ɗaya ake, tsakanin zaure da madafa, inda mutuncin maigida a idon baƙo ya rataya ga hannun wadda bisa al'ada baƙon ba zai ma gani ba.

Wannan kuwa wata yarinya ta riga ni gani, tun a wancan aji, ba tare da ta taɓa jin sunan Grimm ba. Ba mai yawan magana ba ce, daga wani ƙauye take zuwa a ƙasa ta hanyar Ribah. An kusa tashi ta ɗaga hannu.

"Malam, kaji nawa ya kawo?"

"Biyu."

"Su nawa ne a gidan?"

Malam ya buɗe baki ya rufe. Ta ce ita dai a gidansu in an yi baƙo ita ke fige kaza, ita ke hura wuta, hayaƙi ya cika mata ido, a kai ƙirji da cinyoyi zaure, in an dawo da kwano ita da ƙannenta su raba wuya da ƙafafu. Ta ce ba wai ta ce Kalalatu ta kyauta ba. Amma da ta ji an ce kaji biyu, ɗaya ta maigida ɗaya ta baƙo, ita ta san abin da matar ta lissafa tun kafin mai ya yi zafi.

Maza suka fara gunaguni. Malam ya ɗaga hannu aka yi shiru. Muna jira ya ce mata ta nuna masa a shafi, sai muka ga shi da kansa ya koma farkon labarin yana bi da yatsa, leɓensa na motsi. Ya daɗe. Aka kaɗa ƙararrawa bai ɗago ba. Sannan ya zaro biro daga aljihun gaban rigarsa, ya rubuta wani abu a gefen shafin littafinsa, ya ce mata, "'Yar nan, maimaita mini yadda kika faɗa, a hankali."